Lambun Da Na Mayar Wurin Horo

Batsari.

Zuwa ga ɗiyata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Safana lafiya, ke da Binta, Ya tsare ku daga abin da ake tsoro a hanya da wanda ba a sani ba. Ki gaishe da innarki Larai, 'yar'uwar mahaifiyarki, da maigidanta, ki yi musu godiya a madadina da suka yarda ku zauna wurinsu. Allah Ya sa aikin koyarwar da kika samu ya zama alheri gare ki da 'ya'yan mutane.

Na saka takardar nan cikin jakarki ban gaya miki ba. Kin san halina: abin da zan iya rubutawa a shafi biyar, ba na iya faɗinsa a tsaye. Waya kuma ba ta ɗaukar irin wannan magana, da an fara sai a koma tambayar zafi da ruwan sama.

Shekaranjiya ina zaune a zaure na ji kina gaya wa mahaifiyarki cewa: "Inna, in dai muka je Safana, Binta ta gama wasan ƙasa. Ɗaki zan sa ta da littafi har sai ta buɗe baki. Yarinya 'yar shekara bakwai ko sunanta ba ta iya karantawa?" Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa. Binta ɗiyar yayanki ce, kuma tun da 'yan bindiga suka kashe shi a gona bara, muka baro ƙauye muka dawo Batsari, ba ki ji muryarta ba. Kina tsoron ta tashi a haka. Ni ma ina tsoro. Amma abin da na ji daga zaure muryata ce a bakinki, irin wadda nake da ita ina ɗan shekara talatin. Na san inda wannan murya take kai yaro, domin na taɓa bin ta har ƙarshe.

Lokacin da aka tura ni hedimasta a firamaren ƙauyenmu, can gefen Karare, ba a haife ki ba. Na tarar da lambu a bayan azuzuwa, kusa da rijiya, an kewaye shi da kara da ƙaya. Mai kula da shi Malam Iro ne, malamin aji uku, dattijo wanda takardar shaidarsa ba ta kai tawa ba. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi yakan fito da ajinsa waje. Yana da igiya mai ƙulli a kowace ƙafa, da ita yara ke auna fangali kafin a yi shuka. Su ƙirga iri, su ƙirga ramuka. A bakin kowane fangali akwai ɗan katako da aka rubuta sunan abin da ke ciki, don haka yaro yakan iya karanta kuɓewa da yakuwa da albasa tun bai gan su a littafi ba. Ranar Alhamis kuma a tsinko zogale, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, kowa ya ci kafin a tashi. Akwai yaran da wannan kwaɗon ne abincinsu na farko a ranar. Ban san haka ba sai daga baya, don ban tambaya ba.

Ni kuwa na fito daga kwaleji da alƙalami a aljihu, na yi imani makaranta ita ce bango huɗu da allo da shiru. Sai ga wani uba, Mati sunansa, ya same ni a ofis ya ce: "Hedimasta, in noma ne ai muna da gona. Na kawo yaron nan ne ya yi boko ya huta da fartanya. Ni na ci ƙasa, shi ma sai ya ci?" Maganarsa ta yi daidai da abin da ke raina. Ban iya rushe lambun ba saboda furfurar Malam Iro, sai na yi abin da ya fi rushewa muni. Na kafa doka cewa karatu a aji ake yin sa. Lambu kuwa na masu laifi ne: wanda ya makara, wanda ya yi surutu, wanda ya faɗi lissafi, a ba shi fartanya.

Malam Iro ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar.

"Ranka ya daɗe, kuɓewar nan ba ta yi wa kowa laifi ba. Me ya sa za a haɗa ta da masu laifi?"

Na ce: "Malam, zamani ya wuce nan."

Ya ce: "To, Allah Ya kai mu inda ya tafi."

Kafin zango ya ƙare yara sun sa wa wurin suna gidan yari. Wanda aka tura ciki yakan sare shuka tare da ciyawa, da gangan, ya ce bai gani ba. Waɗanda a da suke rige-rigen ɗaukar guga suka koma yi wa juna gori: "Ɗan lambu." A cikin aji kuma na samu shirun da nake so. Rabinsu gyangyaɗi suke yi, wasu in an fita tara ba sa dawowa. Na ɗora laifin a kan iyaye.

Hajara, kada ki taɓa yi wa yaro horo da abin da kike so ya ƙaunata. Kada ki yi horo da fartanya, kada ki yi da tsintsiya, kada ki yi da littafi. Mu 'ya'yan manoma da muka yi boko muna da wata cuta: muna jin kunyar ƙasar da ta ciyar da mu, sai mu koya wa yara su ji kunyar sana'ar iyayensu. Yaron da aka nuna wa cewa aikin ubansa shi ne hukuncin mai laifi, me kike zaton zai ɗauki ubansa?

Da abin ya tsaya a kan 'ya'yan mutane, da wataƙila har yau ban gane ba. Amma ya shigo gidana.

Yayanki ɗan fari ne. Bisa al'ada ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ban ga laifin al'adar ba, amma ni na fake da ita na yi nesa da shi fiye da yadda ta nema. A aji yana da nauyin fahimta. In an sa shi karatu sai ya tsaya yana kallon allo, gumi na zubo masa. Ɗan hedimasta ke nan, a gaban malamaina. Abin yana cin raina.

Da ya shiga aji huɗu sai ya fara makara kullum, alhali gida ɗaya muke fitowa. Don kada a ce na yi son kai, ni da kaina nake miƙa masa fartanya. Mako uku ana haka. Wata rana na zagaya bayan azuzuwa don in ga ko yana aikin. Na same shi ya haƙa 'yar hanyar ruwa daga bakin rijiya zuwa cikin lambu, ya jera fasassun tukwane don kada ƙasa ta zaizaye. Wasu masu laifi biyu suna tsugune suna sauraronsa. Yaron da bai taɓa haɗa jimla ɗaya a aji ba, shi ne yake cewa: "Fangali shida ne, kowanne guga biyu, sha biyu ke nan. In mun raba mu uku, kowa ya ja huɗu." Wannan lissafin ne ya faɗi a allo kwana biyu kafin nan.

Na ji shi da kunnena, Hajara. Ba zan ce ban ji ba. Malam Iro yana gefena, ya yi ƙasa da murya ya ce: "Ka ji ko? Yaron nan ya iya lissafi."

Na ce: "Ya iya yaudara dai."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da gangan yake makara don a tura shi lambu, wato ya mayar da dokata abin wasa. Sai na canja masa horo. Daga ranar ba zai ƙara taka lambu ba. In an fita tara, shi zai zauna a aji da littafi, a rufe ƙofa. Haka ya yi shekara biyu. Ta taga yake hango wurin.

Mahaifiyarki ta yi mini magana sau ɗaya. Ta ajiye mini tuwo ta ce: "Malam, yaron nan ya daina cin abinci."

Na ce: "Yunwa za ta koya masa."

Ta ɗauki murfin kwano, ta ce: "Ka karanta littafin kowa, ban da na yaron nan." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake tunawa da ita ba sai da ba ta da amfani.

Ya gama firamare da ƙyar, ya yi shekara biyu a sakandare ya bari. Malam Iro ya yi ritaya, awaki suka shiga lambun, ni kuma na sa aka share wurin ya zama filin taron safe. Na ji daɗin yadda layukan yara suka miƙe a kai.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, in kika ga yaro ya mutu a aji amma ya rayu a waje, kada ki ce ya raina ki. Ya nuna miki ƙofar da za ki shiga ne. Ki ɗauki darasin ki bi shi da shi can. Ba kowane yaro ke fahimta da ido da kunne kaɗai ba, wani sai hannunsa ya taɓa. Kuma in ranki ya ɓaci da yaro, ki tsaya ki tambayi kanki ko don ya cutu ne kike fushi, ko don an ga gazawarki. Ni nawa fushin na biyun ne, na yi shekaru ina kiransa tarbiyya.

Sauran kin san wani abu daga ciki, don kin yi wayo a lokacin. Ya girma ya kama lambu a fadama. Albasarsa da tumatirinsa suka yi suna, har daga Yasore da Zakka ake zuwa neman dashe wurinsa. Bai taɓa yi mini maganar abin da ya wuce ba. Yakan zo gaisuwa da safe, ya durƙusa nesa kaɗan, in zai tashi ya ce: "Baba, in ka samu sarari ka leƙo ka ga albasar." Sau uku na ƙirga ya faɗi haka a shekaru dabam-dabam. Kowane karo nakan ce: "Sai na samu lokaci." Na riga na yi ritaya, ba ni da komai sai lokaci. Gaskiyar ita ce ina tsoron in je in ga abin da na hana shi.

Na je bayan an share makoki. Maƙwabtansa biyu suka raka ni da rana tsaka, don wurin ba ya shiguwa mutum ɗaya. Albasar ta fara kwantawa saboda rashin ruwa. A bakin kowane fangali akwai ɗan katako da suna a rubuce, da hannunsa, irin na Malam Iro sak. A can gefe kuma akwai wani ƙarami, bai fi tabarmar salla ba, da kuɓewa 'yan tsiraru a ciki. A katakonsa an rubuta Binta. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce: "Ai ita ke nuna wa baƙi. Ta ce wannan nawa ne, ga sunana." Don haka ta iya karanta sunanta. Wurin da ta saba ganinsa ne babu.

In yaro ya ce miki zo ki gani, ki ajiye abin da ke hannunki ki je. Ko tsiro ɗaya ne a cikin gwangwani. Ba don tsiron yake kiran ki ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba, har mahaifiyarki. Wasan ƙasar da kike faɗa, kin lura da abin da take yi? Tsohon daron nan da ya huje, wanda ke bayan ɗakin girki, ta cika shi da ƙasa da takin awaki ta shuka kuɓewa. Ban san inda ta samo irin ba. Na fara jawo kujerata kusa da ita da la'asar. Nakan tsokane ta yadda muka saba da, in ce: "Amarya, wannan miyar ta wa ce? Ta tsohon mijinki?" Da can takan murguɗa baki ta ce ita ba ta son miji mai furfura. Yanzu sai ta dube ni kawai. Na yi kwanaki ina zama, na daina tsokanar, na daina tambaya.

Wata rana bayan azahar na ga ganyen ya yi laushi, na ɗebo ruwa a moɗa zan zuba. Sai ta riƙe mini hannu.

"Ba a ban ruwa da rana. Ƙonewa za ta yi."

Na yi kamar ba wani abu ya faru ba. Na ce: "Wa ya gaya miki?"

"Abba."

"To, ni tsohon miji ban sani ba."

Ta karɓe moɗar ta ajiye a inuwa, ta ce: "Kai ba ka san komai ba."

Na ce mata gaskiya ne. Tun daga ranar takan yi mini magana jefi-jefi, amma sai a wurin daron, sai hannunta na cikin ƙasa, kuma sai ba mai kallonta. Da ta ji tafiyar wani sai ta rufe baki. Na ɓoye muku ne don na san za a taru a kanta da murna, a ce ta maimaita, ta koma inda ta fito. Yanzu da za ta zauna hannunki, wajibi ne ki sani.

Ba ita kaɗai ba ce. A ajin da za a ba ki za ki samu yaran da suka baro garuruwansu, waɗanda suka ga abin da babba ma ba ya son tunawa. Ɗaki rufaffe ba natsuwa ba ne ga irinsu. Ƙofa ta buga, ki ga sun zabura. A waje kuwa, inda suke ganin sama da kowane gefe, kafaɗunsu kan sauka. Yaron da aka raba da gidansu da gonarsu da awakinsu, in ya shuka abu ya dawo gobe ya same shi yana nan, har ya ƙara ganye, wani abu yakan zauna a zuciyarsa wanda nasiha ba ta iya zaunar da shi. Bayan na yi ritaya na karanta rubuce-rubuce da dama a kan wannan, na masana da na 'yan jarida. Duk abin da suka faɗa Malam Iro ya riga su, bai kuwa karanta ko ɗaya ba.

Saboda haka ina roƙon ki, ba umarni nake ba ki ba, don na gama ba da umarni a kan yara. In kin yi mako biyu kin san mutane, ki je wurin hedimastanku da ladabi ki nemi ɗan wuri. Kada ki nemi babba, kuma kada ya yi nisa. Ya zama cikin harabar makaranta, inda ana hango shi daga aji, domin zamanin da muke ciki bai bar mana fita bayan gari da yara ba. Ki fara da abin da ba ya ba da wuya: zogale, yakuwa, rama, kuɓewa. Ruwan alwala da na wanke hannu ya isa farko, a tara shi kada a zubar. Ki bar yara su kawo iri daga gida, za ki sha mamakin abin da kakanninsu mata suka ƙulle a bakin zane. Abin da ya nuna su ci shi tare, ke ma ki zauna ki ci. Kada wani malami ya kwashi amfanin zuwa gidansa, kada kuma a fake da lambu a kai yara gonar kowa. Na ga an yi, na yi shiru. In wuri bai samu ba, ko akwai bishiyar bedi ɗaya a makarantar, ki fitar da su ƙarƙashinsa ku yi darasi ɗaya a rana.

Za a samu uba irin Mati, zai zo ya ce ba noma ya kawo ɗansa ba. Kada ki raina maganarsa, wahala ce ta sa shi faɗi. Ki ba shi kujera, ki kira ɗan nasa ya auna fangali ya faɗi tsawo da faɗi, ya karanta abin da ke jikin katako. Daga nan ki tambayi uban yaushe ya kamata a yi dashe, a gaban ɗansa, ki rubuta amsar a allo. Da na yi wa Mati haka, da mu biyun mun huta.

Ban ce ki jefar da littafi ba. Littafi ne ya ciyar da ni, shi ya kai ki inda za ki. Ban kuma ce lambu zai warkar da Binta ba. Ba zai dawo mata da ubanta ba, kuma mai yiwuwa ta daɗe a haka fiye da yadda haƙurinki zai so. Abin da na sani kawai shi ne na taɓa rufe yaro a ɗaki da littafi don ya gyaru, na ga abin da ya biyo baya, kuma wannan ɗiyarsa ce.

In kika gwada kika ga ba za ki iya ba, aiki ya yi miki yawa ko ranki ya fara ɓaci da shirunta, kada ki dake ta, kada ki kulle ta. Ki sa a dawo mini da ita, ba zan ga laifinki ba. Na yarda ta bi ki ne don makarantar da za ki tana kusa da masaukinku, kuma ke kina da ƙuruciyar da ni ba ni da ita. Ba don gidan nan zai yi mini daɗi ba ita ba.

Ranar da za ta yi magana a gaban mutane, in Allah Ya kawo ranar, kada ki yi tafi, kada ki ce a maimaita, kada ki kira kowa ya zo ya ji. Ki ci gaba da abin da kike yi, ki amsa mata kamar jiya ma kun yi hira. Ki bar ta ta kai ƙarshen maganarta.

Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya tsare yaran da za a damƙa miki, Ya mayar da kowa gidan iyayensa lafiya kowace rana. Allah Ya ba ki haƙurin da ban yi ba. Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, manomi ya je gona ya dawo. Ya jiƙan Malam Iro. Ya jiƙan yayanki, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa kafin ya tafi ya yafe mini, domin ban taɓa roƙonsa ba.

Wassalam.

Mahaifinki.